Anini, Taro Da Sisi: Wa Zai Adana Tarihin Da Ke Aljihun Kakanninmu?

Masu sha'awar tara tsofaffin sulalla a Amurka da Ingila sun daɗe suna kokawa a mujallunsu da tarukansu a kan wani abu da ke ci masu tuwo a ƙwarya, wato yadda ƙananan ƙungiyoyinsu na karkara da ƙananan garuruwa ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin taron da a da ake cika shi maƙil, yau sai dattawa ƙalilan masu furfura, kuma duk wanda ya kwanta dama babu matashin da ke maye gurbinsa. Na san mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da kukan wanda ya ƙoshi har yana wasa da kuɗi? Ni kuwa a ganina da ruwanmu, domin abin da suke kukan rasawa mu ko kafa shi ba mu yi ba, alhali asarar da ke gabanmu ta fi tasu girma. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ya kamata mu fara da sanin yadda waɗannan ƙungiyoyi suke. A ƙaramin gari na Amurka, sau ɗaya a wata mutane kan taru a ɗakin karatu na gari ko zauren coci ko wani ɗakin taro. A cikinsu akwai manomi da malamin makaranta da ma'aikacin gidan waya da ɗan fansho. Kowa ya zo da abin da ya samu a nuna, a yi musaya, a yi ɗan gwanjo, wani ya tashi ya yi taƙaitaccen bayani a kan kwabo guda, yaron da ya biyo mahaifinsa kuma a ba shi kyautar wani ya tafi da shi gida. Uwar ƙungiyarsu ta ƙasa wani likita ne mai suna George Heath ya assasa ta a 1891, kuma tana nan da hedikwatarta a Colorado Springs. A shekarun 1930 aka fito da wani kwali mai arha mai ramuka, kowane rami na kwabon shekara guda, sannan a 1946 aka fara buga littafin farashi da suke kira Jan Littafi. Da waɗannan abubuwa biyu, duk yaron da aka aika kanti ya dawo da canji yana iya fara wannan sha'awa ba tare da jari ba.

Dalilan durƙushewarsu ba ɓoyayyu ba ne. A 1965 gwamnatin Amurka ta cire azurfa daga sulallan santi 10 da santi 25, nan da nan mutane suka tsince na azurfar suka ɓoye, canjin kanti ya zama babu abin nema a cikinsa. A watan Janairun 1980 farashin azurfa ya kusa dala 50 kowace oza, aka yi ta kwasar tsofaffin sulalla ana kai su narkarwa. Daga 1986 kuma aka samu kamfanonin da ke tantance ingancin sule su ba shi maki su rufe shi cikin roba, abin da ya mayar da harkar ta zama ta masu zuba jari, hukuncin dattijon ƙungiya mai gilashin ƙara girma ya rage daraja. Da eBay ya bayyana a 1995, mai neman kwabon wata shekara ba ya buƙatar jiran taron wata, daga ɗakinsa zai saya. A haɗa da ƙaurar matasa daga karkara zuwa birane, da kuma yadda kati da waya suka maye gurbin tsabar kuɗi. Kanada ta daina buga kwabonta a 2012, ita ma Amurka ta buga na ƙarshe na hada-hada a watan Nuwamban 2025, bayan da kuɗin buga kowane ɗaya ya kusa ninka darajarsa sau huɗu. Yaron da bai taɓa riƙe canji a hannunsa ba, ta ina sha'awar juya kwabo ya duba shekararsa za ta shige shi?

Abin lura a nan shi ne cinikin tsofaffin kuɗi bai mutu ba a waɗancan ƙasashe, manyan gidajen gwanjo suna ta ciniki. Zaman ne ke mutuwa, kuma ilimin gida yana bin sa. Tsakanin 1863 da 1935 bankunan ƙananan garuruwan Amurka sun fitar da takardun kuɗi masu ɗauke da sunan garinsu, haka kuma kantuna da kamfanonin haƙar ma'adinai sun buga 'yan ƙarafan da ake karɓa a wurinsu kaɗai. Dattijon ƙungiya shi ya san wane kanti ne wannan, a wane lungu yake, wa ya mallake shi, me ya karya shi. Kamfanin tantancewa zai iya gaya maka farashin ƙarfen, amma wannan labari ba ya cikin kwamfutarsa. Ingila ta gane amfanin irin waɗannan mutane, shi ya sa a 1997 ta kafa tsarin da duk wanda ya tsinci tsohon abu a gona zai kai a rubuta shi da wurin da aka same shi. Abin da aka rubuta ta wannan hanya ya haura miliyan ɗaya, da yawansa sulalla ne, kuma mafi yawan masu kawowa talakawan gari ne masu sha'awa.

To, mu dawo gida. Al'adar kafa ƙungiya don tara sulalla ba ta yi saiwa a ƙauyukanmu ba, amma abin tarawar muna da shi fiye da yadda muke zato. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wurin nan da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya, ya ratso duniya kafin ya iso Kurmi. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Jakar da muke faɗa har yau asalinta buhun wuri 20,000 ne. Ita kuwa dalar azurfa, wadda ta fi shahara ita ce mai hoton Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, mai nauyin kusan giram 28, wadda aka ci gaba da bugawa shekara da shekaru ba a sauya 1780 da ke jikinta ba, saboda fatake sun saba da ita ba su yarda da wata ba. Ta ratso Sahara tare da ayari, ta shiga lefe da taskar sarakuna da adon dawaki.

Da Turawa suka ci ƙasa, a 1907 suka fito da kwabo da anini, masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, da rubutun darajarsu da haruffan Larabci, domin sun san da wane rubutu mutanen ƙasar ke karatu. Aninin farko da sanholo aka yi shi, kuma yana cikin sulallan sanholo na farko da aka kashe a kasuwa a duniya, sai dai bai jure yanayinmu ba, aka koma wani ƙarfen a 1908. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, a 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, sannan a 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka mayar da su na jan gami. Wannan duk ba labarin ƙarfe kaɗai ba ne. Da aka ce haraji sai da kuɗin Bature, dole manomi ya nemi abin da Bature ke saye, ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai noman gyaɗa ya bunƙasa, wasu kuma suka nufi haƙar kuza a Jos neman sulen haraji. Wanda ya riƙe sulen 1913 ya riƙe mabuɗin wannan babi gaba ɗaya.

Akwai ma wani abin mamaki da 'yan ƙasar nan ƙalilan suka sani. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a 1936 ya sauka a cikin shekarar, kuma Ingila ba ta kai ga sakin kuɗi mai sunansa a kasuwa ba. Amma kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma na 1936 suna ɗauke da sunansa, saboda masu huda ne, ba sa buƙatar a jira sassaƙa hoton sarki. Ashe abin da Bature a Landan bai taɓa karɓa canji ba, kakarmu ta sayi daddawa da shi a kasuwar ƙauye. Masu tarawa a ƙasashen waje sun san wannan, har suna duba ƙananan haruffan da ke nuna masana'antar Birmingham da ta buga kowane. Mu da aka buga dominmu, mu nawa ne muka sani?

Bayan haka sai kuɗin kanmu. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959 ya fitar da sulallan Tarayya: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwar manja, fataka da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A sabon jerin an bar auduga da koko da kwakwa da gyaɗa, amma a jikin kwabo ɗaya sai ga hasumiyar haƙar man fetur. Malamin tattalin arziki da ke son nuna wa ɗalibai ranar da ƙasar nan ta fara juya wa gona baya, ya ajiye tarin 1959 kusa da na 1973 ya bar su su duba da idonsu. A 1991 aka mayar da kwabo 50 da naira ɗaya ƙarfe, ƙwandalar nan mai hoton Herbert Macaulay. A watan Fabrairun 2007 aka sake fito da sababbin sulallan kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu, amma kasuwa ba ta karɓe su ba domin babu abin da suke saya. A 2012 Babban Banki ya yi shirin mayar da naira 5 da 10 da 20 ƙarfe tare da fito da takardar naira 5,000, jama'a suka yi ca, gwamnati ta dakatar da shirin. Sakamakon haka, muna da matasa da suka gama jami'a ba su taɓa sayen komai da ƙarfe ba.

Harshenmu kuwa yana nan riƙe da abin da aljihu ya saki. Muna cewa wane ba shi da ko anini, ko ba zan ba da ko sisin kwabo ba, muna kiran tauraron kafaɗar hafsan soja anini. Jaridar da Abubakar Imam ya yi wa edita tun daga 1939 a Zariya sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma kwabo ake sayar da ita. A tambayi ɗalibin sakandare anini nawa ne a kwabo, ko kwabo nawa ne a sule, ko mene ne ahu da nai, a ga yadda zai yi zuru. Amsar ita ce anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, ahu kwabo ɗaya da rabi, nai kwabo tara. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sa'a a nan, don har yau sulalla na yawo a kasuwanninsu, kuma da dala suke ƙirga, sefa biyar dala ɗaya, sefa ɗari dala ashirin, sefa dubu jika. Mutanen Gana su ma da suka tashi raɗa wa kuɗinsu suna a 1965, sunan wuri a harshensu suka ɗauka, wato sidi.

Ina waɗannan ƙarafa suke tafiya? Na azurfa tun tuni maƙeran farfaru suke narkar da su su yi zobe da munduwa da 'yan kunne, wasu kuma suna kitse a gashin matan Fulani, wanda shi ma adanawa ce ta wani fanni. Masu huda an sha buga su a ƙarƙashin kan ƙusa wajen rufin kwano. Saura suna cikin tsohuwar adaka ko kumbo ko asusun da aka manta, ranar da mai su ta rasu magada su ga tarkace ne, su miƙa wa ɗan gwangwan a kan farashin kilo. Ƙauyukan da rashin tsaro ya tasa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno, mutanensu da rai suka gudu, ba wanda ya tsaya ɗaukar gwangwanin kwabbai. Mun kuma ga yadda irin wannan asara ke faruwa a dunƙule. Tsakanin 1948 da 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta janye mundayen tagulla da ake ciniki da su a kudu maso gabashin ƙasar nan, fiye da miliyan 32, aka sayar da su a matsayin ƙarfen narkarwa. Abin da ya fi ƙarfen saurin tafiya shi ne mutanen da suka kashe shi. Wanda yake da shekara goma sha biyar ranar da naira ta zo, yau yana dab da saba'in. Wanda ya biya haraji da sulen hukumar Afirka ta Yamma ya haura tamanin.

Na san za a ce a lokacin da mutane ke fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, maganar anini aikin mai ƙoshi ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ce a ɗebi kuɗin asibiti a sayi kwabbai ba. Sai dai abin da nake kira gare shi ba ya cin kuɗi, kuma amfaninsa ya wuce nishaɗi. Misali na farko daga addini ne. Nisabin zakkar zinari dinari 20 ne, mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya kuwa rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Lissafin giram 85 na zinari da malaman zamani da yawa ke aiki da shi ya dogara ne a kan auna dinaran da aka buga tun zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wajen shekara ta 77 bayan Hijira, waɗanda aka samu nauyin kowane kusan giram 4.25. Da ba a samu waɗanda suka adana waɗannan dinarai ba, da wannan awo ya yi wuya. Misali na biyu daga kotu da ofis ne. Tsofaffin takardun cinikin gona da rabon gado da rasiɗan haraji da ke ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna da fam da sule da kwabo aka rubuta su. Lauya ko alƙali ko mai bincike da bai san wannan lissafi ba zai karanta takarda bai fahimci abin da ta ƙunsa ba.

Saboda haka ina da shawarwari, kuma ga ku nake miƙa su, ku likitoci da lauyoyi da malamai da ma'aikatan banki da ke zuwa gida da salla. Na farko, duk wanda ya je ƙauye ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai sauran kuɗin da, ya zauna su gaya masa abin da kowane ke saya a zamaninsu, nawa ne mudun gero, nawa ne haraji, nawa aka biya sadakin wance. Ya ɗauki muryarsu da wayarsa, ya rubuta suna da gari da shekara a takarda ya haɗa da ƙarfen. Kada a goge sule da toka ko lemun tsami ko yashi, gogewa ɓata shi take yi. Na biyu, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, waɗanda dama suna zama, su ware wa wannan aiki ɗan lokaci, su sayi akwatin gilashi guda su ajiye a makarantar garinsu a hannun malamin tarihi. Gwamnatin Tarayya ta mayar da darasin tarihi cikin manhajar makarantu bayan shekarun da aka yi babu shi, ga kayan aiki nan a ƙarƙashin gadon kakanni.

Na uku, Babban Bankin Nijeriya yana da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja tun 2009, abin a yaba ne, amma ɗan makarantar Gumel ko Illela yaushe zai je can? Bankin yana da rassa a jihohi, ya kamata ya riƙa zagayawa da ƙaramin baje koli. Haka nan Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato da sassan tarihi na jami'o'inmu su buɗe rajistar da mutum zai kawo abinsa a ɗauki hoto a rubuta, ya koma da kayansa gida, kamar yadda Ingila ke yi. Muna kuma buƙatar ɗan littafi da Hausa mai hotuna, da sunan kowane sule da darajarsa da shekarunsa, wanda malamin firamare zai iya riƙewa.

Sai gargaɗi guda. Darasin da ke cikin abin da ya sami ƙungiyoyin Amurka shi ne ranar da farashi ya zama shi ne kan magana, ranar zama ya fara watsewa. Mafi yawan kwabbanmu an buga su da miliyoyi, ba za su mayar da kowa attajiri ba, kuma duk wanda ya zo maka a waya da labarin cewa wani tsohon kwabo zai kawo miliyoyi in ka fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. Darajar aninin kakarka tana cikin labarin da ke tare da shi, kuma wannan labari ba ya da kasuwa sai a gidanku da garinku.

Su can suna da littattafai da rajista da gidajen tarihi da za su riƙe wani abu ko da ƙungiyar ƙauye ta mutu. Mu abin da muke da shi yana cikin adaka da kuma ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma dukansu biyu ba za su jira mu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bari, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.